Kwantenar Baba da lissafin ranar tashi

1/
A 2022 gidanmu ya yi asarar kusan naira 300,000 saboda tambaya ɗaya da muka kasa amsawa: mu ɗaga shago mu bi kwastoma, ko mu zauna mu jira su dawo? Ashe tambayar tana da lissafi, har masana kwamfuta sun haura shekara 30 suna fama da ita. Zaren da ɗan tsawo, ku gyara zama.

2/
Baba yana da kwantena a bakin ƙofar wata jami'a a Kano. Shekara 11 yana wurin. Burodi, madara, sukari, ruwan leda, katin waya, daga baya aka ƙara POS. Da ita ake cefane, da ita ake biyan kuɗin makarantar mu biyar. Ni kaina da ribar burodin nan nake karatun kwamfuta.

3/
Ranar 14 ga Fabrairu 2022 malaman jami'o'i suka shiga yajin aiki. Aka ce na gargaɗi ne, mako 4. Cikin kwana uku ƙofar nan ta zama kamar an share. Daga masu gadi sai awaki. Baba ya ce, "Mako huɗu ai kamar gobe ne." Gaskiyarsa kuwa, a ranar ko ni abin da zan ce kenan.

4/
Mako 4 ya cika, aka ƙara 8. Ya cika, aka ƙara 12. Aka sake ƙara 4, daga nan aka ce sai abin da hali ya yi. Ba a janye ba sai 14 ga Oktoba, wata 8 cif. Amma mu a lokacin ba mu san haka ba. Kullum da jita-jitar cewa Litinin mai zuwa za a koma.

5/
Akwai wani wuri kusa da tasha da aminin Baba ya yi masa tayi. Ba zai kai ƙofar jami'a ciniki ba in ɗalibai suna nan, amma ya fi ƙofar da ba kowa. Na yi ƙiyasi: duk ranar da muka kwana a ƙofa, muna rasa kamar naira 2,000 da da mun samu a tasha.

6/
Tashin kuma ba kyauta ba ne. Kwantena ba tire ba ce da za ka ɗora a ka. Sai an kira mota mai ƙugiya, a biya leburori, a biya kuɗin wuri, in an koma makaranta a sake kiran motar ta dawo da ita. Zuwa da dawowa, na lissafa kamar 60,000.

7/
To ga tarkon. In muka tashi yau aka janye yajin jibi, mun ƙona 60,000 a banza, mutane su yi mana dariya. In muka zauna ya ɗauki wata da watanni, 2,000 ɗin nan tana cin mu a hankali kamar gara. Duk wanda ka zaɓa, gobe tana iya kunyata ka.

8/
Ni ma yajin ya zaunar da ni a gida, ba aikin fari ba na baƙi sai danna waya. A nan na ci karo da wani fanni na karatunmu da ba a kai ga koya mana ba: algoridim na yanke shawara alhali ba ka san abin da zai zo ba.

9/
Kafin wani ya ce algoridim ai na TikTok ne: kalmar tana nufin jerin matakai da in ka bi su za su kai ka ga amsa, kamar yadda ake koya wa yarinya tuƙa tuwo. Daga sunan Al-Khwarizmi ta samo asali, malamin lissafin da ya yi aiki a Bagadaza a ƙarni na 9.

10/
Masanan sukan ƙirƙiro wani mutum a takarda, wanda aka miƙa wa jadawalin gobe da jibi gaba ɗaya. Babu shi a duniya, gaibu na Allah ne. Amma da shi ake auna ka. Ba a tambayar ko za ka kamo shi, don ba za ka kamo shi ba. Ana tambayar: ninki nawa zai iya fin ka, a mafi munin hali?

11/
Misalin da suke fara koyarwa shi ne na haya ko saya. Su da kayan wasan zamiya a kan ƙanƙara suke bugawa, mu ɗauki janareta. Kullum kana haya, ba ka san yaushe wuta za ta dawo unguwarku ba. Ka saya? Ka ci gaba da haya?

12/
Amsar: ci gaba da haya har kuɗin da ka kashe ya kai kuɗin sabo. Ranar da ya kai, saya, kar ka ƙara ko kwana ɗaya. Shi kenan dokar. A kwantenarmu: mu zauna har asarar zama ta kai kuɗin tashi. 60,000 a raba da 2,000, kwana 30. A rana ta 30 a kira mota.

13/
Duba abin da take yi maka. In yajin ya ƙare a kwana 20, mun rasa 40,000, daidai da abin da mai jadawalin gobe zai rasa, don shi ma zama zai yi. In ya wuce kwana 30, mun rasa 60,000 na jira da 60,000 na tashi, 120,000. Shi ya rasa 60,000 don tun ranar farko ya tashi.

14/
Ma'ana ko yajin ya yi shekara, ba za a fi mu da abin da ya wuce ninki 2 ba. An kuma tabbatar da lissafi cewa duk wata tsayayyiyar doka da ba ta haɗa da jefa ƙuri'a ba, ba za ta ba ka lamunin da ya fi wannan ba. Wanda ya zauna har ƙarshe kuwa, kwana 242 sau 2,000, 484,000.

15/
Kai, ranar da na gane wannan ji na yi kamar na tsinci kuɗi. Lokacin azumi ne, mun riga mun wuce kwana 50. Bayan an sha ruwa na ɗauko takarda na durƙusa gaban Baba. Na ce, "Baba, da za ku ba ni minti biyar, akwai wani lissafi da nake so ku gani."

16/
Ya saurare ni har ƙarshe, bai katse ni ba. Ya juya takardar, ya duba bayanta kamar akwai saura. Sai ya ce, "Injiniya, sannu da ƙoƙari. Mai haƙuri shi kan dafa dutse." Na ce, "Haka ne Baba, amma an ce zama wuri ɗaya tsautsayi ne, in ji kifi." Ya ce, "Ni kifi ne?"

17/
Umma ta yi min ido, na tattara takardata na fita. Wallahi na ji haushi. A raina na ce tsofaffin nan ba sa son ilimi, sun fi son karin magana. Ku riƙe wannan maganar tawa, za mu dawo kanta.

18/
Ƙaramar Sallah ta zo, ba a yi wa ƙannena ɗinki ba. Jarin kwantena ya fara tafiya a cefane, kanta tana raguwa layi-layi. Babbar Sallah ta zo a Yuli, karon farko tun da na yi wayo ba a yi layya a gidanmu ba. Baba ya dawo daga idi ya shige ɗaki, bai fito ba sai azahar.

19/
Bayan Sallah da 'yan kwanaki, wajen kwana 150 da fara yajin, ya kira ni. Ya ce, "Kwantena ba za ta motsa ba. Amma ga injin POS guda biyu. Je ka sayo lema da tebur da kujera, ka ɗauki ɗaya ka bi mutanen naka." Ni ban taɓa kawo wannan a raina ba.

20/
Ka ga abin da tsohon ya yi? Ni ina ta lissafin yaushe za a biya 60,000. Shi ya canza tambayar: me zai sa tashin ya kai 60,000? Lema da tebur a bayan adaidaita sahu suke shiga. In tashi ya yi arha, kwanakin jira ma sun ragu. Wanda kayansa ba nauyi ba ya daɗe yana shawara.

21/
Sai tambaya ta gaba: a ina zan kafa lemar? Wannan tsohuwar matsala ce. Tun 1909 wani Bajamushe, Alfred Weber, ya rubuta littafi kan inda ya kamata a gina masana'anta don kuɗin dakon kaya ya ragu. A kan titi miƙaƙƙe kuwa amsar tana da sauƙi, amma yawancinmu kuskurenta muke.

22/
A ce manyan kwastomominka 5 ne, shagunansu suna gindin falwaya ta 1, ta 2, ta 3, ta 4, da ta 21. In ka tara ka raba biyar, za ka zauna wajen falwaya ta 6. Jimillar tafiyarsu zuwa wurinka: 5, 4, 3, 2 da 15, wato 29.

23/
Yanzu jera su ka zauna gun na tsakiya, falwaya ta 3. Biyu a damanka, biyu a hagunka. Tafiyarsu: 2, 1, 0, 1 da 18, wato 22. Mutumin can na nesa ko ya koma falwaya ta 100, kar ka motsa. Kawuna ake ƙirgawa, ba a barin mutum ɗaya ya ja ka daga cikin jama'a.

24/
Da haka na sami wurina a bakin kasuwa. Matsalar ita ce jama'a ba falwaya ba ne, tafiya suke. Da safe cinikin yana tasha, matafiya na neman tsabar kuɗi. Da yamma yana bakin kasuwa, 'yan kasuwa na tura cinikin rana. Tsakaninsu kamar kilomita 1.

25/
A nan na tafka nawa kuskuren, ni mai ilimin. Ƙanena yana kwantena da ɗaya injin, kamar kilomita 6 daga tasha, a kan titi ɗaya da kasuwar. Duk inda ciniki ya ɓullo sai in ce ai ni na fi kusa, bari in je. Safe tasha, yamma kasuwa. Naɗe lema, kira adaidaita, sauke, kafa. Kullum.

26/
Mako 6 ina wannan safa da marwa. Naira 600 na mota kowace rana, ban da kwastoman da zai zo ya tarar na tashi, ban da ƙafar teburin da ta karye a hanya. Shi kuwa ƙanena yana can yana kallon awaki, wata rana mutum uku kacal yake yi wa tiransifa.

27/
Da na koma karatu sai na ga hotona a ciki. A 1988 wasu masana uku, Manasse, McGeoch da Sleator, suka gabatar da matsalar masu hidima: kana da ma'aikata kaza, buƙata tana ɓullowa nan da can ba sanarwa, dole ɗaya ya je, kana so jimillar tafiyarsu ta yi kaɗan.

28/
Misalin farko da ake bayarwa na dabarar da ba ta aiki shi ne ainihin tawa: kullum a tura wanda ya fi kusa. Mutum ɗaya zai yi ta kai-komo tsakanin wurare biyu har abada, ɗayan yana zaune, alhali da an taso shi sau ɗaya an huta. Kowane mataki nawa daidai ne a ranarsa, jimillarsu ce wauta.

29/
Maganin a kan layi miƙaƙƙe, wanda Chrobak da abokan aikinsa suka fitar a farkon shekarun 1990: in buƙata ta faɗo tsakanin ma'aikata biyu, su taso tare da sauri ɗaya. Da ɗaya ya isa, ɗayan ya tsaya inda ya kai. In ta faɗo a gefe ɗaya, na kusa ne kaɗai zai je.

30/
Da farko abin ya yi min kama da ɓata mai. Me zai sa ƙanena ya taso kilomita 1 ya tsaya a tsakiyar titi? Ashe ba sai ya taso da ƙafarsa ba. A takarda za ka matsar da shi. Sai ranar da takardar ta nuna shi ne zai isa, sannan ya ɗauki kayansa da gaske.

31/
Gwada da namu. Tasha 0, kasuwa 1, ƙanena 6. Yammar farko na tafi kasuwa, a takarda ya dawo 5. Washegari 4, sai 3, sai 2. A yamma ta 5 ya iso kasuwa. Daga ranar shi ke da kasuwa, ni ke da tasha, ba mai sake naɗe lema. Kwana 5 ya kamata in yi, na yi mako 6.

32/
In ka lura, dokar kwana 30 ce ta dawo da wata riga. Kowace wahala da na sha ana rubuta ta a asusu, ba a barin ta wuce a manta. In asusun ya cika, sai a yi babban motsi. An tabbatar cewa a kan layi, da ma'aikata 2 ba za a fi ka da ninki 2 ba, da 3 ninki 3, haka dai.

33/
A gari mai tituna rassa-rassa fa? A 1995 Koutsoupias da Papadimitriou suka nuna wata dabara da ke ba da lamunin ninki biyun yawan ma'aikata a cire 1. Masu hidima 3, ninki 5. Ana hasashen za a iya sauko da shi zuwa 3 ɗin, kuma wannan hasashen ne ya gagari masana shekara da shekaru.

34/
Kar ka ɗauka wasan allo ne. Wayar da ke hannunka tana wannan shawarar yanzu haka: ma'ajiyarta mai sauri ƙarama ce, dole ta zaɓi abin da za ta riƙe kusa da abin da za ta fitar, ba ta san me za ka buɗe nan gaba ba. Sleator ɗin nan da Tarjan sun yi nazarin wannan tun 1985.

35/
A manyan birane ana sauya wa motocin ɗaukar marasa lafiya wurin tsayuwa cikin yini, don inda mutane suke da rana ba nan suke kwana ba. Can kuma kuskuren ba naira 2,000 ba ce, minti ne a kan ran mutum. Ka motsa su da yawa ka gajiyar da direbobi, ka ƙi motsawa ka bar unguwa ba kowa.

36/
Mu ma ba baƙonmu ba ne. Ɗan kasuwar da ke Maigatari ran Alhamis, Wudil ran Juma'a, shago ne mai tafiya, sai dai shi ya san jadawalinsa. Mai cin rani ma haka. Mai shayin da ke koma wa bakin masallaci da azumi ma haka. Wahalar tana farawa ne ranar da jadawalin ya ɓace.

37/
To, mu koma gun Baba. Ƙanena ya dawo kasuwa, ni ina tasha, abinci ya dawo gida daidai gwargwado. Baba shi kaɗai yake buɗe kwantena kullum, ya share gabanta, ya zauna da carbinsa da rediyo. Ni har lokacin ina ganin taurin kai ne.

38/
Aka janye yajin, ɗalibai suka fara dawowa. Ina wurin wata yamma wani ɗalibi ya sauka daga adaidaita da jakarsa, ya durƙusa ya gaida Baba. Baba ya shiga can ƙuryar kwantena, bayan katan-katan, ya fito masa da katifa da bokiti da risho, a ɗaure yadda ya bar su tun Fabrairu.

39/
Ashe kayan mutum 9 ne a ciki. Yaran da garinsu ya yi nisa, suka bar masa ajiya a kan mako huɗu ne. Yaron ya ciro kuɗi ya biya bashin burodi da madara na wata 8 da suka wuce. Baba ya buɗe littafin bashi ya soke sunansa. Littafin shafi-shafi ne, kuma yawancinsu sun dawo sun biya.

40/
Da yaron ya tafi Baba ya dube ni. "Injiniya, wannan a wane layi ka rubuta shi a takardarka?" Na sunkuyar da kai. Ya nuna min gefen titi, inda masu kwantena biyu da suka tashi suka dawo suka tarar wasu sun kafa a wurarensu. Har yau ba su sami bakin ƙofar ba.

41/
Nan na gane 60,000 ɗina ƙarya ce. Kuɗin mota na ƙirga. Ban ƙirga wurin da aka shekara 11 ana riƙewa ba, ban ƙirga littafin bashi ba, ban ƙirga amanar mutum 9 da za su dawo su tarar da fili ba. Dokar ba ta yi kuskure ba, ni na ba ta lambar da ba ita ba. Na ba Baba haƙuri a ranar.

42/
Amma shi ma, da bakinsa, ya faɗi nasa. Ya ce, "Zaman ban yi nadamarsa ba. Abin da na yi nadama, ban sa masa iyaka ba. Lemar nan da na saya a Yuli, me ya hana ni saya a Maris?" Kullum yana cewa mako mai zuwa, kuma mako mai zuwa ba ya ƙarewa. Ragon layyarmu a nan ya tafi.

43/
Abin da na ɗauka kenan, kuma ba a shago kaɗai ba. In za ka jira wani abu, aikin da aka yi maka alkawari, garin da kasuwarsa ta mutu, sana'ar da ta daina biya, zauna tun ranar farko ka rubuta abu biyu: nawa jiran ke ci kullum, nawa tashin zai ci. Ka faɗi gaskiya a duka biyun, har abin da ba kuɗi ba.

44/
Raba na biyu da na farko, ka sami ranarka. Rubuta ta inda za ka riƙa gani. Kafin ta zo kar kowace jita-jita ta ɗaga ka. In ta zo kar ka ƙara mako. Ba za ka fi wanda ya san gobe ba, amma ba za ka farka bayan kwana 150 kana tambayar ina jarinka ya shiga ba.

45/
Kwanaki aka rufe ƙofar nan saboda gyaran titi, aka karkatar da ɗalibai ta wata ƙofar. An ce mako biyu ne. Da daddare wayata ta yi ƙara, Baba ne. Ko gaisuwa ba mu gama ba ya ce, "Injiniya, ɗauko takardarka. Wannan karon kwana nawa ta ba mu?"

Na ce, "Baba, ku fara faɗa min kayan mutum nawa ne a ƙuryar."